Kuzar Filato: Yadda Aka Yashe Ƙasa Cikin Shekara Tamanin

Duk wanda ya bi hanyar Jos zuwa Bukuru, ya zarce Barikin Ladi, idonsa zai yi ta cin karo da abubuwa biyu: tafkuna masu ruwa kore ko shuɗi, da tuddan jar ƙasa waɗanda ko ciyawa ba ta cika son fitowa a kansu ba. Baƙo yakan ɗauka haka Allah Ya halicci wurin. Ɗan ƙasa kuwa ya san cewa yawancin tafkunan nan ramuka ne da aka haƙa, tuddan kuma ƙasar da aka kwaso daga ciki ce aka jibge. Abin da aka nema a ƙarƙashi shi ne kuza, wani baƙin yashi mai nauyi wanda in an narka shi yake ba da farin ƙarfen da ake shafe gwangwani da shi, ake kuma liƙe wayoyin kayan lantarki.

Filato tudu ne mai tsayin sama da mita 1,200, kuma daga kansa manyan koguna suke sauka: Kaduna ta yi yamma, Gongola ta yi gabas, Dilimi ta bi ta Jama'are ta haɗu da ruwan Haɗejiya, su nufi Yobe har tafkin Chadi. Tsawon miliyoyin shekaru ruwan sama yana zaizayar duwatsun tudun, yana wanko ƙwayoyin kuza zuwa kwari. Da yake kuza ta fi yashi nauyi, sai ta kwanta a gindin rafuka, wasu rafukan ma ƙasa ta zo ta binne su. A nan tushen matsalar yake. Kuza ta taru ne a ƙarƙashin kwari da fadama, wato daidai wurin da ya fi ko'ina danshi da albarkar noma. Wanda yake son kuza mai yawa, sai ya kawar da gona tukuna.

Tun kafin zuwan Turawa mutanen ƙasar sun san wannan ma'adini. A Ririwai, cikin ƙaramar hukumar Doguwa ta jihar Kano a yau, akwai Hausawa masu narka kuza tun da daɗewa, kuma a ƙarni na 19 hare-haren Ningawa suka sa wasunsu suka koma ƙasar Bauchi suka kafa Ririwan Dalma. Aikinsu na hannu ne. A debo yashin rafi a ƙwarya, a yi ta rairaya cikin ruwa har fari ya tafi baƙi ya zauna. A zuba a tanderun yumɓu da gawayi, a yi ta zuga da zugazugi. In ƙarfe ya narke, sai a kwarara shi cikin ƙananan ramukan da aka fitar da siffarsu da tsinken ciyawa, ya daskare ya zama sirara-siraran tsinkaye masu ƙyalli. Haka fatake suke ɗaure su dami-dami su kai kasuwanni, maƙeran farfaru su saya su yi kayan ado, su shafe tasoshin tagulla.

Su ma masu narkar nan sun ci itace, domin tanderu ba ya aiki sai da gawayi. Amma ƙwarya tana da iyakar abin da za ta ɗauka, jaki ma haka, kasuwar kuma ba ta buƙatar fiye da abin da maƙera za su iya sarrafawa. Ramin da aka yi a bakin rafi da rani, ambaliyar damina tana cike shi.

Waɗannan tsinkaye ne suka kai labari. A shekarun 1880 ma'aikatan kamfanin Royal Niger suka riƙa ganinsu a hannun fatake a bakin kogin Binuwai, suka shiga tambayar daga ina suke fitowa. A 1902 kamfanin ya turo wani masanin ma'adinai, George Nicolaus, ya bi sawu har gefen tudun. Bayansa Henry William Laws ya zo a 1903 da rakiyar sojoji, ya sauka a Tilden Fulani, daga baya ya kafa sansani a Naraguta kusa da Dilimi. Mutanen tudun, Birom da Anaguta da Afizere da maƙwabtansu, waɗanda dawakin masarautu ba su iya murƙushe su ba a ƙarni na 19, ba su karɓi baƙin da hannu biyu ba. An yi shekaru ana kai musu farmaki da bindiga mai jigida, ana ƙona ƙauyuka da rumbuna, kafin hanya ta buɗe wa masu neman kuza.

Daga nan sai doka ta ƙarasa abin da bindiga ta fara. Gwamnatin mulkin mallaka ta ce duk ma'adinin da ke ƙarƙashin ƙasa nata ne, dokar filaye ta 1910 kuma ta sa ƙasar Arewa baki ɗaya a hannun gwamna. Kamfani yana zuwa ya nemi lasisi, a auna masa fili a taswira, a kafa duwatsun iyaka, ko da kuwa gonar acca ce a ciki. Manomi ana biyansa ɗan abin da aka ƙiyasta na amfanin gona da ɓarnar da aka yi masa, ƙasar kanta ba a lissafa ta a matsayin tasa. Masu narka na Ririwai ma ba su tsira ba: wuraren da kakanninsu suke ɗiban yashi suka shiga cikin lasisin wasu, aka yi ta matsa musu, cikin 'yan shekaru tanderunsu suka mutu.

Akwai wani sharaɗi da ya kamata a riƙa tunawa da shi. Lokacin da gwamnatin Ingila ta karɓe mulki daga hannun kamfanin Royal Niger a ƙarshen 1899, ta yi masa alkawarin rabin kuɗin harajin ma'adinai na wani makeken yanki na Arewa har tsawon shekara 99. Wannan haƙƙi ya gangaro hannun kamfanin UAC, kuma sai a wajen 1950 gwamnatin Najeriya ta fanshe shi da fam miliyan ɗaya. Ke nan an tanadi kason kamfanin da ke Landan tun ba a haƙa ramin farko ba, alhali babu kwabo ɗaya da aka ware don gyaran ƙasar da za a haƙa.

Daga 1909 zuwa 1910 kasuwar hannun jari ta Landan ta rikice da labarin kuzar Najeriya, kamfanoni suka yi ta tsirowa, wasu na gaske wasu na takarda. Da farko a ka da bayan jaki ake ɗaukar buhunan kuza zuwa Loko a bakin Binuwai, tafiyar makonni, daga can a sa a jirgin ruwa. A 1914 ƙaramin layin dogo daga Zariya ya iso Jos da Bukuru, a 1927 kuma babban layin Fatakwal ya shigo ta Kafanchan. Kuzar tana tafiya ɗanya, a narka ta a Ingila. Garin Jos kansa ɗan wannan sana'a ne, domin kuza ce ta tara masa mutane da kantuna da bankuna.

Su wa suka yi haƙar? A farkon lamari yawanci baƙi ne: Hausawa daga Kano da Zazzau da Katsina da Sakkwato, Barebari, mutanen Binuwai, har da waɗanda suka ƙetaro daga ƙasashen da Faransa ke mulka. Wasu bayi ne da suka sami kansu, wasu 'yan cin rani ne masu neman kuɗin haraji da na aure. Sunayen barikokin da suka zauna suna nan har yau: Barikin Ladi, Gindin Akwati, Dorowa Babuje, Sabon Gida. Mutanen tudun da farko sun ƙi aikin, sai harajin da dole a biya da tsabar kuɗi ya tura su. Zuwa ƙarshen shekarun 1920 leburorin kuza sun kai kusan 40,000.

Aikin kuwa diga ne da shebur da kwano. A sare ƙasar sama a kawar, a yi ta nutsawa har a kai ga tsakuwar da kuza take ciki. Lebura ya cika kwanon ƙarfe ya ɗora a ka, ya hau tudu ta siririyar hanya mai santsi, ya juye, ya sauko, heluma yana tsaye yana ƙirga. Daga nan a wanke tsakuwar a dogon magudanar katako, ruwa ya tafi da laka, kuza ta zauna. Lakar nan ita ce ta bi rafuka ta mayar da su ja, ta cike gindinsu, ta malale fadamun da ke ƙasa da yashi.

Dubban mutanen da ke barikoki suna buƙatar wutar girki da ta jin ɗumi, ga shi Filato ƙasar sanyi ce. Sayar da itace ya zama sana'ar matan ƙauyuka, suna ɗauko dami a ka zuwa kasuwannin bariki. Tudun dama ba mai duhun daji ba ne, ragowar itatuwan bakin rafi da na gindin duwatsu suka ƙare a murhu.

Sai inji ya zo. A shekarun 1920 aka tare ruwa a Kwal don samar da lantarki, kamfanin NESCO da aka kafa a 1929 kuma ya gina tasharsa a Kura. Wutar nan ta ma'adinai ce kafin ta zama ta gari. Da ita aka kunna famfunan da ke zuƙe tsakuwa daga rami, da manyan mesoshin da ke feso ruwa da ƙarfin da zai rushe gefen tudu cikin sa'o'i. Daga baya aka kawo injinan haƙa masu dogon wuya, waɗanda cokalinsu ɗaya yake ɗebe abin da gomman leburori za su yi ta jigila. A 1939 manyan kamfanoni suka haɗe suka zama ATMN, wanda ya fi kowa girma a tudun. Ramuka suka ƙara zurfi, suka kai ga tsofaffin rafukan da ke binne, suka ratsa har cikin ruwan ƙarƙashin ƙasa. Ƙasar sama mai taki, wadda ba ta wuce 'yan taƙi ba, aka cakuɗa ta da jar laka aka binne ta a gindin tudu.

A cikin wannan tono ne aka yi ta cin karo da kawunan mutum-mutumi na yumɓu. An tsinci na farko a 1928 a ramin kuza na ƙauyen Nok, a kudancin jihar Kaduna ta yau. A 1943 aka kai wa wani jami'in mulki, Bernard Fagg, wani kai daga Jama'a wanda wani ma'aikacin ma'adinai ya kafa a gonarsa ta doya don korar dabbobi. Daga nan duniya ta san al'ummar Nok, wadda ta rayu fiye da shekara dubu biyu da suka wuce, kuma wannan ne ya kai ga buɗe gidan tarihi na Jos a 1952. Abin da ya isa gidan tarihi shi ne wanda ya tsira daga bakin diga da ƙarfin mesa. Sauran sun farfashe sun bi laka.

Lokacin da ya fi muni shi ne na yaƙin duniya na biyu. A farkon 1942 Japan ta ƙwace Malaya, babbar ƙasar kuza a daular Ingila, sai ido ya dawo kan Najeriya. Gwamnati ta kafa aikin tilas. Aka raba wa larduna adadin mutanen da za su kawo, sarakuna suka sauke wa hakimai, hakimai suka sauke wa dagatai, dagatai suka shiga gida-gida. Daga 1942 zuwa 1944 an kwaso mutum sama da 100,000, rukuni-rukuni, kowanne ya yi watanni kafin a sallame shi. Manomi daga ƙasar zafi, da 'yar taguwa ɗaya a jikinsa, aka sauke shi a bukkar da iska ke ratsawa, cikin hunturun Filato, abinci ba ya isa, yini kuma a cikin ruwa. Ciwon huhu da atuni da sanƙarau suka kashe ɗaruruwa, dubbai suka gudu. Maganar ta kai har majalisar dokokin Ingila, aka dakatar da tsarin a 1944. A 1943 ne aka fitar da kuza mafi yawa a tarihin ƙasar, sama da tan 17,000.

Wanda ya duba wannan zamani da kyau zai ga cewa ido ɗaya aka kalli ƙasa da mutum da shi. Dukansu abin ɗiba ne, a yi amfani da su, a bar su inda suka faɗi. Littattafan kamfani sun rubuta nauyin kowane buhu da farashinsa a Landan, amma babu shafin gonar da ta tafi, ko rafin da ya toshe.

Birom ne suka fi kowa jin jiki, domin a tsakiyar ƙasarsu ramukan suka fi yawa. Nomansu na acca da tamba yana buƙatar a riƙa hutar da gona, ga ƙauyukansu kewaye da shingen ƙerana. Da filaye suka ragu, hutun gona ya gajarta, ƙasa ta gaji, amfani ya ja baya, sai magidanci ya koma lebura a ramin da ya cinye gonarsa. A tsakiyar shekarun 1940 manoman Gyel da wasu ƙauyuka suka tashi tsaye suna hana a shiga gonakinsu, kuma ƙungiyar ci gaban Birom da aka kafa a 1945 ta sa batun fili da diyya a gaba. Ƙorafin ƙasa da ake ji a Filato yau yana da dogon tarihi, kuma wani sashe nasa daga nan ya faro.

Matsin nan ya sa dokar ma'adinai ta 1946 ta fara maganar a gyara ƙasa bayan an gama haƙa. Aka kafa sashen farfaɗo da filayen ma'adinai, aka gwada baje tuddai da zuba taki, aka ga tsadar ta yi yawa, sai aka koma dasa bishiyar turare wadda aka samo daga Ostireliya, saboda tana jure matacciyar ƙasa kuma tana saurin girma. Ta ba da itace da turaku, ta riƙe tuddai daga zaizaya. Amma binciken da aka yi bayan shekaru ya nuna ƙasar da ke ƙarƙashinta ba ta farfaɗo yadda za a noma ta ba, har ma tsaminta ya ƙaru. Masana sun ƙiyasta cewa haƙar ta lalata fili mai faɗin murabba'in kilomita kusan 320, kuma abin da aka gyara a ciki ɗan kaɗan ne.

A farkon shekarun 1950 wata kasuwa ta sake buɗewa. Kwalambait, wanda a da ake zubarwa tare da shara saboda yana ɓata kuza, ya zama abin nema don ƙera injin jiragen sama masu gudu, Amurka kuma tana tara shi a lokacin yaƙin Koriya. Najeriya ta zama ƙasar da ta fi kowace fitar da shi a duniya. Aka koma kan tsofaffin tuddai aka sake tone su.

Bayan 'yancin kai an gina masana'antar narka kuza ta Makeri a Jos a farkon shekarun 1960, a 1972 kuma aka kafa hukumar ma'adinai ta ƙasa da hedikwata a garin. Sai dai kuzar da ke kusa da sama ta riga ta ƙare, wadda ta rage tana ƙarƙashin dutse mai tauri, man fetur kuma ya ɗauke hankalin gwamnati. A watan Oktoba na 1985 majalisar kuza ta duniya, wadda take tallafe farashi, ta durƙushe da bashi, farashi ya faɗi warwas. Kamfanoni suka rufe, Turawa suka tafi, injina suka yi tsatsa a inda suka tsaya. Daga zuwan Laws zuwa wannan durƙushewa shekara 82 ce kacal.

Abin da aka bari shi ne ɗaruruwan tafkuna masu zurfi da gefe a tsaye, marasa shinge, inda yara da shanu suke nutsewa. Akwai kuma sharar da ta rage bayan tace kuza, mai ɗauke da ma'adinai irin su monazait da zirkon, waɗanda suke fitar da tururin nukiliya. Awon da masana suka yi a wuraren tacewa ya nuna tururin ya haura na sauran wurare, ga shi mutane suna ɗiban wannan yashi mai laushi su yi gini da shafe.

Duk da haka mutane ba su naɗe hannu ba, kuma wannan sashe na labarin ya cancanci yabo. Hausawan da suka zo aikin kuza sun zo da sanin noman lambu, suka fara shi a bakin Dilimi da jigo. Da injin ban ruwa ya samu, sai tafkunan suka zama madogara. Manoma, baƙi da 'yan ƙasa, suka riƙa sayen tokar bolar gari suna haɗawa da takin dabbobi da na zamani, suna gina sabuwar ƙasa kaɗan-kaɗan a kan wadda aka kashe. Kabeji da karas da latas da tumatir da ake lodi a kasuwar Farin Gada zuwa Abuja da kudu, wani kaso nasu da ruwan ramin kuza aka shayar da shi. Tafkin Rayfield da ake zuwa shaƙatawa shi ma tsohon rami ne. Abin da kamfanoni masu injina suka ce ya fi ƙarfinsu, talaka da fartanya ya yi wani abu a kai, da kuɗinsa da guminsa.

Haƙar ma ba ta mutu ba, hannu ta sauya. Kusan rabin kuzar da duniya ke amfani da ita yau tana tafiya ne wajen liƙe wayoyin cikin waya da kwamfuta, kuma a farkon 2022 farashin tan ɗaya ya haura dala 40,000. Matasa suna haƙa rijiyoyi masu ƙunci a tsakiyar gonaki, su sauka da igiya da tocila a goshi, su bi jijiyar kuza ta ƙarƙashi ba tare da abin tokare rufi ba. Mata suna bakin ruwa suna wanki da kwano, dillali yana jira da sikeli. Kusan kowace damina sai an ji labarin rami ya rufta da mutane. Ba a ga laifin mai neman abinci ba, amma gonar da aka huda ta wannan hanya ba ta sake nomuwa, saniya ma ba ta iya ratsa ta.

A watan Fabrairu na 2025 gwamnan jihar, Caleb Mutfwang, ya dakatar da haƙar ma'adinai a faɗin Filato, yana kafa hujja da tsaro da lalacewar ƙasa da yaran da ke barin makaranta su tafi rami. Dokar ma'adinai ta 2007 ta wajabta wa mai lasisi ya gyara inda ya haƙa, ta kuma tanadi asusun farfaɗo da muhalli. Wannan ya shafi masu haƙa na yanzu waɗanda aka san sunansu. Tsofaffin ramukan kuwa kamfanonin da suka tone su sun daɗe da rushewa, don haka nauyin cike su ko killace su ya koma kan gwamnatin tarayya da ta jiha, da kuma ƙauyukan da ke zaune a bakinsu.